Mol Saba'in a Tankin Baftisma

Duk wanda ya zauna a Trikania ya san Dattijo Jethro, ko yana so ko ba ya so. Ya yi shekaru yana aiki a wani kamfanin lemon kwalba a Kudenda, kuma in ka tambaye shi aikinsa zai ce maka shi mutumin ɗakin gwaje-gwaje ne. Gaskiya ya faɗa, domin kullum yana tura buhuna a baro daga sito zuwa ƙofar ɗakin. Ƙofar dai. Ciki kuwa sai ta taga yake ganinsa.

Da aka rage ma'aikata ya dawo gida da abu biyu: wata farar riga ta likitoci mai sunan wani a aljihu, wanda ya tsefe da allura, da kuma babban jadawalin sinadarai da ya manna a falo, a inda mutane ke rataya kalanda. Tun daga ranar ruwa ya daina zama ruwa a gidan.

"Miriam, kawo mini H2O."

Matarsa Miriam takan kawo, ta dire kofin, ta ce, "In ka gama da shi ka wanke kofin da wani H2O ɗin."

Gashin kansa kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, alhali sa'o'insa duk sun yi furfura. Shi ya ce aikin sinadarin kalsiyam ne a jini. Mu 'yan layin mun san shagon da Miriam ke sayo kalsiyam ɗin, ƙaramar kwalba ce mai hoton wani Ba'indiye.

Da abin ya tsaya nan da babu wanda zai damu. To amma 'yarsa Hadassah, mai shagon ɗinki a bakin titi, ta samu miji. Sunansa Emmanuel, ana ce masa Emma, ɗan Pankshin, malamin kemistiri a wata sakandare. Yaro mai kunya, irin wanda ke ba wa kujera haƙuri in ya yi tuntuɓe da ita. An sa rana, an fitar da anko. Saura abu ɗaya: a cocinmu ba a ɗaura aure sai amarya da ango sun nuna katin baftisma, Hadassah kuwa ba ta da shi, domin duk lokacin da aka yi tana makaranta a Zariya. Fasto Bulus ya ce baftismar ƙarshe ta shekara ranar Lahadi ce, wanda ya rasa sai baɗi. Ita kuma mahaifiyar Emma ba ta taɓa ɓoye cewa akwai wata yarinya mai waƙa a kwayar cocin garinsu da ta fi kwanta mata a rai ba. Ta aiko cewa za ta zo da kanta ta gani. Kowa ya gane abin da take so ta gani.

A da can kogi muke zuwa. Jethro ne, da ya zama shugaban kwamitin gini, ya kafe sai an gina tankin siminti a bayan coci, ya kuma rantse a gaban jama'a cewa 'yarsa ce za ta fara shiga, babu wanda zai sake tsoma ɗan mutane a ruwan da ake wanke babur. Injin burtsatse ya ƙone, sai matan zumunta suka cika tankin da bokiti a ka, lita dubu huɗu. Ba a yi masa murfi ba, don Jethro ya ce ruwa na buƙatar oksijin. Kafin mako ya zagayo ruwan ya koma kore shar, 'ya'yan kwaɗi na iyo a ciki da iyayensu.

Aka yi taron gaggawa a bakin tankin.

Fasto Bulus ya ce, "Mu zubar, mu wanke, mu sake cikawa."

Mama Grace, shugabar zumuntar mata, ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Babu laifi, Fasto. Wanda ya zubar shi zai ɗebo. Wuyanmu ba na haya ba ne."

"To mu koma kogi, na wannan karon kawai."

Jethro ya yi dariyar tausayi. Ya ce, "Fasto, kai ka riƙe Littafi, ka bar mini ruwa. Wannan ba matsalar bokiti ba ce, matsalar mol ce."

"Mene ne mol?" in ji Mama Grace.

"Mama, in na fara miki bayani tuwon darenki zai ƙone."

Da yamma ya aika aka kira Emma. Yaron ya zo ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar gida, ya zauna a gefen kujera, rabin jikinsa a iska. Jethro ya saka farar riga, ya tsaya gaban jadawali da muciya a hannu.

"Na kira ka ne ka shaida, ba don ka koya mini ba. Haidurojin nauyinsa ɗaya, guda biyu ne, biyu ke nan. Oksijin sha shida. Mol ɗaya na ruwa giram sha takwas."

"Haka ne, Baba."

"Lita ɗaya giram dubu. Raba da sha takwas, mol hamsin da biyar da rabi."

"Haka ne, Baba," in ji Emma, har da ɗan murmushi, don bai zaci za a kai nan lafiya ba.

"Sau dubu huɗu, mol dubu ɗari biyu da ashirin da biyu. Yanzu garin kulorin, wato Ca(OCl)2. Kalsiyam arba'in, oksijin biyu talatin da biyu, kulorin biyu saba'in da ɗaya. Giram ɗari da arba'in da uku. Na auna, cikin gwangwanin madara ne cif."

"Wallahi haka ne, Baba."

"To. A kemistiri dole hagu ya daidaita da dama. Kowane mol na ruwa sai an ba shi nasa mol na kulorin. Ɗaya ga ɗaya. Adalci ke nan."

Murmushin Emma ya tafi bai yi sallama ba. Ya yi tari, ya dubi ƙasa, ya dubi silin.

"Baba, akwai wasu littattafan da ke cewa, wai, ga irin wannan tankin, cokali biyu ma..."

"Wasu littattafan. Waɗanda suka rubuta su sun taɓa ɗaukar buhun kulorin a kafaɗa?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ni na ɗauka. To haka ne ko ba haka ba?"

A nan fa aka zo wurin. Yaron da har yanzu ba ya iya cin abinci a gaban surukinsa, wanda in sun haɗu a hanya sai ya sauka daga babur ya durƙusa, shi ne zai buɗe baki ya ce wa uban yarinya ka yi kuskure, saura 'yan kwanaki a ba shi mata? Ko digiri goma gare shi ba zai fara ba.

Ya ce, "Baba ya fi ni sani."

Jethro ya buga muciya a tebur. "Miriam, kin ji! Malamin makaranta ya tabbatar."

A waje Hadassah ta tare shi, idonta ya kaɗa.

"Emma, ni za a tsoma a ruwan nan fa, ba jadawalin ba. Ka faɗa masa gaskiya."

"Ke ki faɗa masa, ai babanki ne."

"Na faɗa. Ya ce in tsaya a kan zare da allura."

"To ni in na faɗa zai ce in tsaya a Pankshin."

Washegari Jethro ya nufi shagon Malam Zakariyya'u, mai sayar wa mata kayan haɗa sabulun ruwa. Zakariyya'u mutum ne da bai taɓa mamakin komai ba, ko gobara ce sai ya gama auna abin da yake aunawa.

"Malam, kulorin nake so. Gwangwanin madara dubu ɗari biyu da ashirin da biyu."

Zakariyya'u ya danna kalkuleta, ya duba, ya ajiye.

"Oga Jethro, tan talatin da biyu ke nan. Tirela guda. A cikin tankin za a zuba, ko tankin za a binne a ciki?"

"Kai dai nawa ke gare ka?"

"Bokiti ɗaya, kilo ashirin. Masu wanke rijiya cokali biyu suke saya."

"Masu wanke rijiya," in ji Jethro, yana girgiza kai. "Mol ɗari da arba'in kawai. Ƙasar nan ta lalace. To wane iri ne? Talatin da biyar ko talatin da bakwai?"

"Fari ne."

Abin da ya faru shi ne, Emma ya taɓa yin gangancin yi masa bayanin dalilin da ya sa jadawali ya rubuta talatin da biyar da rabi a ƙarƙashin kulorin. Ya ce atom ɗin kulorin iri biyu ne, aisotof ake ce musu: a kowane huɗu, uku masu nauyin talatin da biyar ne, ɗaya mai talatin da bakwai, in ka haɗa ka raba huɗu sai rabin ya fito. Daga duk wannan bayani abu ɗaya Jethro ya riƙe, wato an gauraya.

"Ina ka taɓa ganin rabin atom? Algus ne. Kuna zuba mai sauƙi a cikin mai nauyi don ya yi auki."

"Wallahi yadda ya zo haka na ajiye shi, ko murfin ban buɗe ba."

"Haka masu gero ma suke cewa, sai ka je gida ka tarar da tsakuwa."

"To in ka samu tsakuwa ka dawo da ita, zan canza maka da atom."

Jethro ya ɗora bokitin a bayan acaɓa ya tafi, yana cewa 'yarsa ba za ta shiga ruwan talatin da biyar ba, shi ba matsiyaci ba ne.

Gidan da suke haya na mutane da yawa ne, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ya shimfiɗa buhu, ya ɗauko faifan Miriam da rariyarta ta tankaɗen gari, ya ɗaure hanci da hankici, ya zauna ya fara bakace. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa: in tsakuwa na rabuwa da shinkafa don ta fi nauyi, me zai hana talatin da bakwai ya rabu da talatin da biyar? Manyan ƙwayoyi ya tara a dama, garin ya tara a hagu. Abin da ya rage iska ta raba wa maƙwabta.

Kaji ne suka fara barin gidan, a jere, ba gardama. Sai atishawa ta kama daga ɗaki zuwa ɗaki. Can sai ga Rukayya, maƙwabciyarsu ta ƙofa da ƙofa, ta fito kwashe shanya. Ankon bikin Hadassah ne, shuɗiyar atamfa, ta wanke ta don sitacin ya fita. Ta ɗaga zanin ta ga ya yi ɗigo-ɗigo fari kamar zabuwa.

"Baban Hadassah, mene ne wannan?"

Ya leƙa ya ce, "Talatin da biyar ne. Shi ne mai tashi."

"Ni ba lambarsa na tambaya ba. Ankona!"

"Hajiya, ki gode wa Allah. Duk bikin babu mai irin naki."

"Sai ka zo ka ɗaura shi ranar, tunda ya burge ka."

Miriam ta fito ta karɓi zanin, ta ba ta haƙuri, ta ce za ta ba ta nata. Sannan ta juyo ta dubi rariyarta. An wanke rariyar, an sake wankewa, amma tuwon ranar warin asibiti yake yi. Jethro ya cinye nasa tas, ya ce bai taɓa cin tuwo mai tsafta irin wannan ba.

Abin da ya fi faranta masa rai shi ne, littafi ya ce kashi ɗaya cikin huɗu ne mai nauyi, shi kuwa ya samu rabi. Ya ce littafin tsohon bugu ne.

Ranar Asabar ya tafi coci da tulin dama. Yana zubawa yana ƙirgawa da ƙarfi, har gwangwani saba'in. Ruwan ya bar kore ya koma fari kamar koko. Kwaɗin da suka iya tsalle suka yi, waɗanda ba su iya ba suka taso sama ciki a waje. Warin ya tsallaka katanga ya kai titi, mai gadin coci ya ɗauki bencinsa ya koma tsallaken hanya. Jethro ya tsaya yana kallon aikinsa da baƙin ciki.

"Mol saba'in a inda ake neman dubu ɗari biyu da ashirin da biyu. Allah dai ya sa ya kama."

Ya sa kwaɗo a famfon zubar da ruwan, ya jefa makullin a aljihu, don ya lura Emma na yawan zagayawa ta wajen.

Hadassah ta je gidan Fasto tana kuka. Fasto Bulus ya ce, "'Yata, ba sai kin faɗa ba, daga nan nake jin warin. Ba zan saka ki a ciki ba. Amma kuma ba zan kai ki kogi a bayan idon mahaifinki ba, dattijon coci ne, ga surukai na zuwa. Sai ya yarda da bakinsa."

"Fasto, ka san Baba. Yaushe ya taɓa yarda?"

"Mu dai je. Ranar wanka ba a ɓoye cibi."

Lahadi bayan sujada aka zagaya bayan coci. Masu baftisma sun jeru cikin fararen kaya, Hadassah a gaba. Mahaifiyar Emma ta iso tun da safe, an ba ta kujerar roba a sahun farko, ta zauna da jaka a cinya da hankici a hanci. Matan zumunta suka ɗauki waƙa, aka yi baiti ɗaya lafiya, a na biyu tari ya karɓi amshi.

Jethro ya fito cikin farar rigarsa da sabon baƙin wandon da aka ɗinka masa don biki. Gashi ya sha kalsiyam tun jiya, sai ƙyalli yake.

"Jama'a, ruwan da kuke gani babu ƙwayar cuta ko ɗaya a cikinsa. Zalla talatin da bakwai ne, da hannuna na tace."

Mahaifiyar Emma ta ce, ta cikin hankici, "A nan Kaduna da koko kuke baftisma?"

"Mama, wannan farin tsafta ce."

Fasto Bulus ya matso a hankali. Ya ce, "Dattijo, ni ban san ka'idar kamfani ba. In an haɗa sabon abu, wa ke fara gwadawa kafin a ba jama'a?"

"Kemist, mana."

"To Allah ya ba mu kemist."

Jethro ya dubi ruwan, ya dubi surukarsa, ya ga duk coci shi ake kallo. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe hannun riga, ya taka matakala ya shiga har ƙugu. Garin da bai narke ba ya kwanta a ƙasa kamar laka, yana takawa yana tasowa.

"Kun gani? Ɗan ɗumi-ɗumi ma yake yi."

Da ya fito a lokacin, da wandon kawai za a rasa. Amma mutum ya samu taro, ga mumbari, ga surukai. Sai ya fara lacca. Ya yi bayanin atom, ya ce ƙanƙantarsa ta sa ko shi sau biyu kacal ya taɓa ganinsa. Ya yi bayanin mol, ya ce adadin ƙwayoyin da ke cikinsa shida ne da sifili ashirin da uku a baya, in an raba wa mutanen Trikania kowa sai ya nemi ɗakin ajiya. Yana magana yana sosa cinya, daga baya ya koma sosawa da hannu biyu. Idonsa na zubar da hawaye, ya ce na farin ciki ne.

Mama Grace ta ce, "Dattijo, mu dai a iya saninmu har kai ake nutsarwa."

"Ai shi zan yi yanzu, gaggawar me kike?"

Ya toshe hanci, ya runtse ido, ya nutse. Ya taso, ya ga kamar ba a gamsu ba, ya sake nutsewa.

Ya hau matakala ya fito. Wandon biki ya tashi daga baƙi ya koma ruwan manja, gwiwa zuwa ƙasa kuma ya fi haske. Wani baƙin ruwa na gangarowa daga kansa ta bayan kunne zuwa kan farar riga. Abin da ya rage a kan, wani wuri fari, wani wuri ja-ja kamar gemun masara. Idanu kamar gauta.

Miriam ta riga ta tanadi bokiti biyu na ruwan rijiya tun safe, don ta san mijinta. Ta ɗaga na farko ta sheƙa masa daga ka.

"Ga H2O."

Ta ɗaga na biyu ta ƙara masa.

Wata tsohuwa a baya ta ce, "Ikon Allah. Ya shiga da ƙuruciya ya fito da shekarunsa." Wannan ce ta ɓalle dariyar. Har Fasto sai da ya juya baya yana gyara abin wuya da babu abin da ya same shi.

Jethro ya share fuska ya ce, "Alamar yana aiki ke nan. Duk abin da ba na asali ba ne ya cire shi. Hadassah, shigo."

Fasto ya ce, "Ba za ta shiga ba, Dattijo. Babu wanda zai shiga. Mu gangara kogi, ga shi nan kusa."

"Muddin ina numfashi 'yata ba za ta shiga kogi ba. Na faɗa a gaban jama'a."

"Ni ma a gaban jama'a nake faɗa."

Sai mahaifiyar Emma ta miƙe, ta rataya jakarta, fuskarta ta sake kamar wadda aka yi wa albishir. Ta ce, "Ai babu abin faɗa. Tunda ruwa bai samu ba, a bari sai baɗi. Aure ba gudu ake yi ba. Emma, zo ka raka ni tasha."

Dariya ta ɗauke. Hadassah ba ta yi kuka ba. Ta juya kawai ta dubi Emma. Ni da ke tsaye kusa da su na ji tausayin yaron nan har cikin raina. In ya yi shiru ya rasa mata, in ya ce Baba ya yi kuskure ya rasa suruki, wanda shi ma rasa matar ne ta wata hanya.

Ya taka a hankali har gaban Jethro, ya durƙusa a cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

"Baba, a ba ni izini in yi magana a kan lissafin."

Jethro ya dube shi da jajayen idanu. "Yi."

"Na sake bi daga farko. Sha takwas ɗin daidai ne. Hamsin da biyar da rabi daidai ne. Ɗari da arba'in da uku ma daidai ne, ko a jarrabawa sai an ba da maki. Sai na auna abin da Baba ya zuba, na ga zai ishi tanki ɗari biyar irin wannan."

"Ɗari biyar?"

"Har da 'yan kai, Baba. Tankin ne ya yi wa lissafin kaɗan. Irin lissafin Baba ba na tanki ba ne, na babban ruwa ne."

Jethro ya dubi tankin da ya gina da kansa, ya yi masa kallon raini. Ƙirjinsa ya fara tasowa a cikin jiƙaƙƙiyar riga.

"Kun ji ko? Ba ni na faɗa ba, malamin makaranta ne. Tun farko na ga simintin nan ba zai iya ɗaukar ilimina ba, na yi shiru ne don kada kwamiti su ji kunya." Ya juya wajen Fasto. "To me muke jira a nan? A tafi babban ruwa."

Shi ya shige gaba, ba takalmi, wando ruwan manja, kai kala biyu, matan zumunta na binsa da waƙa, wannan karon har ƙarshen baiti. Mutanen layi suka fito ƙofar gida suna kallo. Rukayya ta ga wandon ta ce yanzu ta huce, anko ya zama na gida duka. Zakariyya'u ya leƙo daga shago ya ce, "Oga Jethro, an samu tsakuwar?" Jethro ya ɗaga masa hannu kamar gwamna.

Mahaifiyar Emma ta bi sahu, don babu yadda za ta yi. A hanya Mama Grace ta ce mata, "Mama, ɗanki ya iya zama da mutane."

Ta ce, "Gadon ubansa ne. Haka ya yi wa babana, har tsohon ya mutu bai gane ba." Sannan ta miƙa wa Hadassah hankicinta ta ce ta goge fuska, amarya ba ta tafiya haka.

A bakin kogi aka sami wuri mai yashi, sama da inda ake wanke babura. Fasto Bulus ya shiga har ƙugu, ya miƙa hannu, Hadassah ta bi shi. Ana cikin addu'a Jethro ya tuna wani abu, ya waiwaya.

"Miriam, sauran talatin da biyar ɗin nan fa? A aika a ɗauko, ko ba shi da ƙarfi zai rage wani abu."

"Na mayar wa Zakariyya'u tun jiya. Ka rufe ido, addu'a ake yi."

Ya rufe ɗaya. Hadassah ta nutse ta taso, kayanta fari kamar yadda ta shiga, gashinta baƙi kamar yadda Allah ya ba ta. Mata suka rangaɗa guɗa. Miriam ta rungume ta tana kuka, jiƙaƙƙiya da busasshiya.

Jethro bai ga wannan sosai ba, hankalinsa na kan kogin. Ya auna faɗinsa da ido, ya auna tsawonsa har inda ya sha kwana, leɓensa na motsi. Ya jawo Emma gefe.

"Ɗana, a ganinka lita nawa ne daga nan zuwa gada? Ina so in san tirela nawa za mu nema."

Emma ya dubi kogin, ya dubi Hadassah da ke matse bakin zaninta tana dariya, ya sunkuyar da kai.

"Baba, wannan babban lissafi ne. A bari sai bayan biki."